Raga ko Leda: Muhawara Kan Buga Zane a Riguna a Birnin Kebbi da Argungu

Buga zane a jikin tufa, wato ɗora rubutu ko tambari ko hoton mutum a kan rigar da aka gama ɗinkawa, sana'a ce da kasuwarta a Jihar Kebbi take cika ta batse a wasu lokuta na shekara, sannan ta yi sanyi a wasu. Tun da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama mazaunin ma'aikatu da ofisoshin jam'iyyu da ƙungiyoyin ba da agaji, kuma kowannensu yana da ranar da yake son a ga mutanensa sanye da riga iri ɗaya. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suna buƙatar rigunan ƙungiya da na bikin kammala karatu, makarantun firamare da na Islamiyya suna buƙatar baje a aljihun yunifom, ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni suna buƙatar lamba da suna a bayan jesi, manoman shinkafa kuwa, tun bayan ƙaddamar da shirin ba su rance na Babban Bankin Najeriya a jihar cikin Nuwamba 2015, sun saba da taruka inda ake raba riga da hular hana-sallah. A kan duk waɗannan akwai manyan kasuwanni biyu da ke girgiza sana'ar, wato kakar zaɓe da bikin kamun kifi na Argungu.

Saɓanin da ke tsakanin masu sana'ar, da kuma tsakanin masu ba su aiki, ya ta'allaƙa ne a kan hanyoyi biyu. Ɓangare na farko yana riƙe da bugun raga, wanda aka fi sani da sikirin, yana ganin shi ne ya dace da aljihu da yanayin wannan yanki. Ɓangare na biyu yana ganin zamanin raga ya wuce, kuma hanyoyin da ake buga zane daga kwamfuta a manna shi da injin gugar zafi su ne za su riƙe kasuwa. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, amma nauyin hujjojin ba ɗaya ba ne, kuma ba a gane hakan sai an fahimci yadda kowace hanya take aiki.

Bugun raga tsohuwar dabara ce da ake danganta asalinta ga ƙasar Sin, wadda wani Bature mai suna Samuel Simon ya yi wa rajistar mallaka a Ingila a 1907, kuma har yau tushen aikinta bai sauya ba. Ana ɗaure lallausar raga ta zaren foliyesta a jikin firam na katako ko na alminiyam har ta yi tauri, a shafe ta da wani ruwan magani mai daskarewa idan haske ya taɓa shi, a bar ta ta bushe a cikin duhu. Daga nan sai a ɗora zanen da aka buga da baƙi a kan takarda mai ratsa haske, a fitar da ragar rana ko a haska mata fitila mai ƙarfi, ta yadda duk inda haske ya samu zai daskare ya toshe ramukan ragar, inda baƙin zanen ya kare kuwa ya wanke da ruwa ya bar ƙofa a buɗe. Idan aka shimfiɗa riga a ƙarƙashi aka ja tawada da faifan roba, tawadar za ta bi ta buɗaɗɗun ramukan kaɗai, tamkar yadda gari ke sauka ta rariya. Kowane launi yana buƙatar tasa ragar, saboda haka zane mai launi uku raga uku ne, kuma dole kowace ta sauka daidai inda ta farko ta sauka.

Babbar hujjar masu raga hujja ce ta lissafi. Kusan duk wahalar aikin da kuɗinsa suna tattare ne a shirya ragar, kuma da zarar an shirya ta, riga ta goma da riga ta ɗari biyar ba sa cin komai sai ɗan abin da suka sha na tawada da ƙarfin hannun mai ja. Idan riga goma kaɗai za a buga, kowace za ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shiri, wanda ke sa ta yi tsada. Idan kuwa ɗari biyar ne, kuɗin shirin yakan narke har a daina jin sa. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 21, inda ɗan takara ko ma'aikatar lafiya mai gangamin rigakafi kan buƙaci dubban riguna masu rubutu iri ɗaya, wannan lissafi yana da ƙarfi ƙwarai. Sai kuma hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci a wannan yanki na kwarin kogin Rima, cewa kafinta na iya haɗa firam da teburin bugu, rana na iya gasa raga, hannu na iya jan tawada, don haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da aikin gaba ɗaya. Haka nan aikin yana cin hannaye da yawa, mai shimfiɗa riga da mai ja da mai shanya da mai ninkewa, kuma ta wannan hanya yaran shago suke koyon sana'ar har su kai ga buɗe nasu da jari kaɗan.

Masu sukar raga ba su musanta wannan ba, sai dai suna cewa abin da mutane ke nema yanzu ya sauya. Ɗan siyasa yana son a ga fuskarsa da launin fatarsa da aikin da ke jikin hularsa, amarya tana son hotonta da na ango a kan jakar rabo, ƙungiyar ƙwallo tana son kowane ɗan wasa da sunansa da lambarsa, kuma duk waɗannan abubuwa ne da raga ke shan wahala a kansu. Ana iya fitar da hoto da raga ta hanyar farfasa shi zuwa ƙananan ɗigo a launuka huɗu, amma hakan yana buƙatar raga mai ƙananan ramuka da tebur mai saiti da hannun da ya goge, kuma idan launi ɗaya ya goce ko da kaɗan ne, fuskar takan fito a jirkice. Game da ƙaramin aiki kuwa, wanda ya zo da riga shida ba shi da dalilin biyan kuɗin raga uku. Wannan suka gaskiya ce, kuma duk mai kare raga da ya ƙi amsa ta yana kare al'adarsa ne, ba amfanin mai saye ba.

Hanyoyin gugar zafi ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duk suna ƙarewa a injin da ke danne zane a kan riga da faranti mai zafi. Mafi sauƙinsu ita ce ledar yanka, wadda ake kira fileks, inda na'ura mai ƙaramar wuƙa ke yanka haruffa daga shimfiɗar leda mai launi ɗaya, a ɓare abin da ba a so da hannu, a manna saura. Ita ce ta dace da lamba da suna a bayan jesi, kuma babu mai jayayya a kan hakan. Ta biyu ita ce rinin tururi, wanda masu sana'a ke kira sabulimeshan, dabarar da Noël de Plasse ya gano a Faransa a 1957, inda tawadar da aka buga a takarda ke rikiɗewa ta zama tururi a zafin da ya kai kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, ta shige cikin zaren ta zauna. Zanen da aka yi ta wannan hanya ba ya tsagewa kuma hannu ba ya jin tudunsa, amma ba ya kama auduga, ba ya fita a kan baƙar riga, sai a farin foliyesta ko mai haske. Akwai kuma injin da ke fesa tawada kai tsaye a jikin rigar auduga, wanda ya yaɗu bayan kamfanin Brother ya fitar da nasa a 2005, sai dai tsadarsa da yawan lalurarsa sun sa ba shi ne abin tattaunawa a ƙananan shaguna ba.

Wadda ta tayar da muhawarar a zahiri ita ce ta baya-bayan nan, bugun fim, da ake kira di-ti-ef, wadda ta bazu a duniya daga wajajen 2020. A nan injin yana buga zanen da cikakkun launuka a kan siririyar leda, ya bi bayansa da farar tawada, sannan a barbaɗa garin gam a kan tawadar tun tana ɗanya, a narkar da garin da zafi. Abin da ya fito ana iya ajiye shi, a naɗe shi, a tura shi wani gari, kuma duk ranar da aka so sai a ɗora a kan riga a danna na kusan daƙiƙa 15 a zafin digiri 150 zuwa 160, a ɓare ledar, zanen ya zauna. Masu goyon bayanta suna da abin faɗa mai yawa: tana kama auduga da foliyesta da shadda, fari ko baƙi, yawan launi ba ya ƙara kuɗi, riga ɗaya tak ana iya buga ta da riba, kuma matashin da ya iya zane a kwamfuta ko ma a waya yana iya shiga sana'ar ba tare da ya shekara yana wanke raga a shagon wani ba. Ga mata musamman, waɗanda da yawansu ke sana'a daga cikin gida, injin guga ɗaya a kan tebur ya fi sauƙin ajiyewa fiye da wurin wanke raga da filin shanya.

A nan ne yanayin ƙasa yake shigowa cikin maganar, kuma ya fi cutar da injin fiye da ragar. Farar tawadar bugun fim tana ɗauke da garin ma'adini mai nauyi wanda ke kwantawa idan injin ya kwana biyu bai yi aiki ba, sai ya toshe ƙananan ramukan kan injin, kuma kan injin shi ne ɓangaren da ya fi tsada. Irin waɗannan na'urori suna son ɗaki mai matsakaicin laima da sanyi, alhali hunturun Kebbi yana busar da iska ƙarau ya cika ta da ƙura, bazara kuma daga Maris zuwa Mayu tana haura digiri 40. Mai injin dole ya tanadi ɗaki rufaffe da na'urar sanyaya shi da wuta marar yankewa, kuma injin gugar kaɗai yana jan kusan kilowat biyu, abin da ƙaramin janareta ke ɗauka da ƙyar. Gobarar da ta tashi a babbar tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi a Satumba 2023 ta nuna yadda wutar yankin ke iya ɗaukewa baki ɗaya, kuma hakan ya zo ne watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na wannan shekara. Tawada da fim da garin gam duk daga waje ake shigo da su, kuma dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Adalci dai shi ne a faɗi cewa ragar foliyesta da ruwan maganinta da tawadarta su ma ba a Najeriya ake yin mafi yawansu ba, kuma tawadar raga mai haɗin ruwa takan bushe a cikin ragar lokacin hunturu ta toshe ta; bambancin shi ne toshewar raga ana gyara ta da ruwa da soso, toshewar kan inji kuwa sai an aika Legas ko Kano.

Masu fim suna da amsa mai kyau ga wannan. Ba dole ne kowane shago ya mallaki injin bugawa ba, domin ana iya tura zanen ta WhatsApp zuwa babban shago a Kano ko Abuja ko unguwar Shomolu ta Legas, wadda ta yi suna a harkar ɗab'i, a buga shi a kan fim bisa awon mita, a ba direban tasha ya kawo, mai shago ya danna a Argungu. Ta haka lalurar injin ta koma wuyan wani. Amma wannan amsa tana ɗauke da farashinta, domin kaso mafi tsoka na kuɗin aikin ya tafi wani gari, abin da ya rage a gida ladan danna guga ne kawai, kuma sana'ar da kowa zai iya shiga cikin mako guda sana'a ce da ribarta ke saurin ƙanƙancewa. Sannan lissafin farko yana nan bai gushe ba: kowace riga tana cin nata fim da nata gam, don haka riga ta dubu tana cin abin da ta farko ta ci.

Akwai wanda ba a cika jin muryarsa a wannan muhawara ba, shi ne mai sa rigar, kuma a ra'ayin wannan rubutu hukuncin yana hannunsa. Babban hoto da aka yi da fim a ƙirji ko a gadon baya shimfiɗar roba ce da iska ba ta ratsawa, kuma wanda ya wuni da ita a filin taro a watan Afrilu zai ga gumi ya taru a ƙarƙashinta har ƙurajen zafi su fito. Tawadar raga ta filastisol, wadda ita ma haɗin roba ce, tana da wannan aibi idan aka lafta ta da kauri. Tawadar ruwa ce kaɗai ke shiga zaren auduga ta bar shi yana shan iska. Rinin tururi ba ya toshe yadi, amma yana tilasta foliyesta, kuma foliyesta mai araha, irin wadda aka fi rabawa a gangamin siyasa, tana riƙe zafi da wari. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ma kai ga biyan buƙatar wanda ya kashe kuɗin, domin rigar da aka cire da yammacin ranar taro ba a sake sa ta ba ta daina tallar sunan da ke jikinta.

Batun jure wanki kuwa, wanda kowane ɓangare ke iƙirarin shi ya fi, ya fi dogara ga kulawar mai aiki fiye da hanyar da ya bi. Filastisol ba ya bushewa da iska ko rana, sai zafi ya ratsa shi har kusan digiri 160, kuma wanda ya gasa samansa kawai saboda sauri ko tsimin mai zai ba da rigar da ke da kyau a ido amma ta fara zuba a wanki na biyu. Fim ɗin da ba a danna da isasshen ƙarfi ba yakan fara ɗagowa daga gefe. A yankin da ake wanki da hannu, a cuɗa da omo, a matse da ƙarfi, a shanya a tsakar rana, wani lokaci a bi da dutsen guga na gawayi, duk abin da ke zaune a saman yadi yana cikin haɗari fiye da abin da ya shige cikinsa, kuma wannan ya ba rinin tururi da tawadar ruwa da aka gasa da kyau fifiko a kan fim da fileks. Ta fuskar lafiyar ma'aikata babu ɓangaren da ya tsira, domin masu raga da yawa suna goge tawada da fetur ko kananzir da hannu tsirara su zubar da ruwan wankin a kwata, wanda a garuruwan bakin fadama ba ya rasa hanyar kaiwa ga ruwan noma da na kifi, masu fim kuma suna shaƙar hayaƙin garin gam a ƙaramin ɗaki rufaffe, suna tara ledar da ba ta ruɓewa.

Bikin Argungu ya isa misalin da za a auna hujjojin a kai. An fara shi a tsarinsa na yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kuma ya dawo a 2020 bayan ya daɗe a dakace. Taro ne na dubban mutane a bakin kogin Matan Fada, a ƙarshen hunturu lokacin da zafi ya fara kunno kai, kuma alamominsa, wato homa da gora da giwan ruwa da kwalekwale, siffofi ne da ke fita sarai da launi ɗaya ko biyu. Rigar 'yan kwamiti da ta masu tsaro da ta sayarwa ga baƙi, idan an san adadinsu da wuri, aikin raga ne a kan auduga da tawadar ruwa, kuma aiki ne da shagunan Argungu da na Birnin Kebbi, da ke da tazarar kimanin kilomita 50, za su iya rabawa tsakaninsu. Fim yana da gurbinsa a wurin, ga baƙon da ke son a sa sunansa nan take, ko kamfanin da ya ɗauki nauyi ya kawo tambari mai launuka da yawa a kurarren lokaci. Abin takaici shi ne rigar da za a buga a kanta kusan duk daga waje take zuwa ta kasuwanni irin su Kantin Kwari da ke Kano, tun da masaƙun Kaduna, waɗanda suka fara da Kaduna Textiles a 1957, suka durƙushe, saboda haka ko wace hanya aka bi, mafi tsadar ɓangaren rigar ba a arewa aka yi shi ba.

Idan aka haɗa hujjojin, rinjaye a babban aiki yana ga raga, kuma ba don tsufanta ba, sai don ita ce ta fi araha idan adadi ya yi yawa, ta fi jure rashin wuta da ƙura, ta fi barin kuɗi da aiki a cikin gari, kuma da tawadar da ta dace ta fi sauƙi a jikin mai sawa. Fim ya ci ƙaramin aiki da hoton fuska da aikin gaggawa, rinin tururi ya ci jesin wasanni, kuma shagon da ke son rayuwa a Birnin Kebbi zai fi amfana da teburin raga da injin guga tare, ya riƙa sayo fim daga waje har sai yawan aikinsa ya kai ya ciyar da inji kullum. Abin da ke tura manyan ayyuka ga fim da foliyesta ba ingancinsu ba ne, jinkirin masu ba da kwangila ne, domin wanda ya kawo odar riga dubu biyu ana saura kwana uku taro ya rufe wa kansa ƙofar raga da ta auduga. Jami'in ma'aikata ko shugaban makaranta ko sakataren jam'iyya da ke shirin odar zaɓen 2027 yana da ikon gyara wannan ta hanyar ba da aiki makonni kafin lokaci, da rubuta irin yadin da girman zanen a cikin yarjejeniya, da karɓar riga ɗaya ta gwaji a wanke ta sau da yawa a shanya a rana kafin a biya kuɗin sauran.